Taskar Ruwan Sama ta Ƙarƙashin Ƙasa: Tarihinta a Gidajen Karkara da Matsayinta a Ƙasar Rawayya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ƙasar Rawayya da sauran garuruwan da suke kewaye da Gusau da Tsafe da Bunguɗu ya san cewa shekara kashi biyu ce dangane da ruwa. Akwai watanni huɗu ko biyar na damina, lokacin da ruwa yake kwarara daga indararo har ya ci gindin katanga, ana ta neman hanyar da za a fitar da shi daga gida. Akwai kuma watanni bakwai ko takwas na rani, lokacin da wannan ruwa da aka kora shi ake bi da tulu da jarka ana nema. Manufar wannan takarda ita ce ta duba wata tsohuwar dabara da al'ummomi da yawa suka yi amfani da ita don haɗa waɗannan lokatai biyu, watau gina taska a ƙarƙashin ƙasa a cikin gida, inda ake tara ruwan damina a sha shi da rani.

Za mu fara da bayanin ma'anar taskar da yadda take aiki. Daga nan mu waiwayi tarihinta a wasu sassan duniya, musamman a manyan gidajen karkara. Sa'an nan mu dawo gida mu duba hanyoyin da Bahaushe ya bi wajen ajiye ruwa, da dalilan da suka sa gidansa na gargajiya bai shahara da irin wannan taska ba, alhali kuwa yana da fasahar gina ta. A ƙarshe za mu kawo lissafi da shawarwari a kan abin da ya dace da ƙasar Rawayya.

2.0 Ma'anar Taskar Ruwa da Sassanta

Abin da muke nufi da taskar ruwa a nan shi ne rami da aka haƙa, aka gine shi da dutse ko bulo, aka shafe cikinsa da abin da zai hana yoyo, aka kuma rufe bakinsa, don tara ruwan sama. Larabawa suna kiranta sahrij, magina na wannan zamani kuwa sukan ce tankin ƙasa. Ya kamata tun a nan mu bambanta ta da rijiya. Rijiya ruwanta daga ƙasa yake tsattsafowa, saboda haka ana so gindinta ya zama a buɗe. Taska kuwa ruwanta daga sama yake zuwa, saboda haka ana so gindinta da bangonta su zama a toshe, kada na ciki ya tsere, kada kuma na waje ya kutso.

Kowace taska mai kyau tana da sassa huɗu. Na farko shi ne shimfiɗar da ruwa yake sauka a kanta, ko rufin ɗaki, ko daɓen tsakar gida, ko falalen dutse. Na biyu shi ne hanyar da take kai ruwan, watau indararo ko kwata ko bututu. Na uku shi ne wurin da ruwan yake tsayawa ya kwanta, laka da ganye su rabu da shi. Na huɗu shi ne cikin taskar kanta, tare da murfi da mafitar rarar ruwa da abin ɗiba.

Dalilin binne ta a ƙasa a fili yake. Ruwan da yake sarari rana da iska suna shanye shi. A Tafkin Chadi, alal misali, abin da yake tashi ya bi iska a shekara ya kai kimanin zurfin mita 2. Ruwan da yake cikin duhu kuwa ba ya ƙafewa sai kaɗan, ba ya yin gansakuka, yana kuma zama da sanyi ko da a tsakiyar bazara. Bugu da ƙari, ƙasar da take kewaye da ginin tana tallafa wa bango, ta yadda ba ya bukatar kauri irin na tankin da aka ɗora a sarari.

3.0 Taskar Ruwa a Tarihin Duniya

3.1 Rumawa da Ƙasashen Musulmi

A gidajen Rumawa na da, irin waɗanda aka tono a birnin Fomfei na ƙasar Italiya, akan bar kafa a tsakiyar rufin babban zaure. Ruwan sama yakan zubo ta kafar ya faɗa wani ɗan kwarmi da aka gina a daɓe, daga nan ya gangara cikin taska a ƙarƙashin ɗakin. Mafi shahara daga cikin manyan taskokin wancan zamani ita ce wadda sarki Jastiniyan ya gina a birnin da yanzu ake kira Istanbul a wajejen shekarar 532. Tana da ginshiƙai 336, tana kuma iya ɗaukar kimanin lita miliyan 80, ko da yake ita ruwanta ta magudanai aka jawo shi daga nesa.

A ƙasashen Musulmi wannan fasaha ta ƙara bunƙasa saboda ƙarancin ruwa da kuma bukatar tsarki. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta rasu a 831, ta kashe dukiya mai yawa wajen gina rijiyoyi da tafkuna da taskoki a kan hanyar mahajjata daga Kufa zuwa Makka, hanyar da har yau ake kira da sunanta. A birnin Ƙairawan na ƙasar Tunisiya, garin Ibn Abi Zaid mai littafin Risala da almajiranmu suke karantawa, sarkin Aglabawa Abu Ibrahim Ahmad ya gina manyan tafkuna tsakanin 860 da 862. Tsarinsu abin lura ne: ruwa yakan fara shiga ƙaramin tafki ya kwanta, sa'an nan tataccen ya wuce zuwa babba, daga nan ya shiga rufaffun taskoki inda ake ɗiba. Babban masallacin birnin ma filinsa yana da taskoki a ƙarƙashinsa, an kuma karkata daɓen ne domin duk ruwan da ya sauka ya nufi bakinsu.

Birnin Banis na Italiya, wanda yake zaune cikin ruwan gishiri, da ruwan sama ya rayu ɗaruruwan shekaru. Sukan haƙa babban rami a dandali, su shafe shi da yumɓu, su cika shi da yashi, su tsayar da rijiya a tsakiya. Ruwan da ya sauka a dandalin yakan ratsa yashin ya tace kansa kafin ya isa rijiyar. A tsakiyar ƙarni na 19 irin waɗannan rijiyoyi sun haura 6,000 a birnin, ba a kuma fara barinsu ba sai da ruwan famfo ya iso a 1884.

3.2 Manyan Gidajen Karkara na Turai da Amurka

A Ingila, masu ƙasa da attajirai na ƙarni na 18 da na 19 sukan gina manyan gidaje a tsakiyar gonakinsu, nesa da gari. Irin wannan gida yakan ƙunshi iyalin mai shi da barori masu yawa da dawaki da lambu, ga shi kuwa babu famfon hukuma. Saboda haka gidaje da yawa sun gina taskokin bulo masu rufin baka a ƙarƙashin farfajiya ko kusa da ɗakin wanki, aka haɗa su da bututun da suke saukowa daga rufi, aka sa musu famfon hannu. Ko gidan da yake da rijiya yakan so ruwan sama, domin a yankunan da ƙasarsu take da alli ruwan rijiya ba ya kumfa da sabulu, na sama kuwa yana yi. Da ruwan famfo ya game ƙasa aka rufe yawancin taskokin aka manta da su, har ya zama masu gyaran tsofaffin gidaje sukan ci karo da su ba zato, wani lokaci cike da ruwa garau.

Misali guda daga Amurka zai isa ya nuna mana inda wuyar aikin take. Thomas Jefferson, shugaban ƙasar na uku, ya gina gidansa mai suna Monticello a kan tudu a jihar Bajiniya. Rijiyar gidan takan ƙafe, saboda haka a wajejen 1810 ya sa aka gina taskoki huɗu, kowace mai ɗaukar kimanin lita 14,500. Lissafinsa na yawan ruwan da rufi zai tara ya yi shi a tsanake, amma taskokin suka yi ta yoyo shekara da shekaru, sai da aka samo wani siminti mai jure ruwa kafin al'amarin ya gyaru. Darasin da yake cikin wannan shi ne cewa haƙa rami ba shi da wuya. Shafen da zai riƙe ruwa shi ne ran taska.

3.3 Afirka da Hanyoyin Fataken Hausawa

Kakanninmu da suka yi tafiye-tafiye sun ga irin waɗannan dabaru da idonsu. Mahajjatan da suka bi ta ƙasa zuwa Makka sun ratsa Kurdufan a Sudan, inda ake rarake cikin itacen kuka a cika shi da ruwan damina, ake kuma haƙa manyan tafkunan da suke kira hafir. Fataken goro da suke zuwa Gwanja sun san Salaga, garin da ya shahara da yawan rijiyoyi. A arewacin Ghana akwai tsofaffin ramuka masu ƙaramin baki da faɗin ciki da aka fafe a ƙarƙashin marmara, waɗanda suke cika da damina. A gaɓar teku kuma, ganuwoyin da Turawa suka gina, irin su Elmina da aka fara a 1482, suna da taskoki a ƙarƙashin farfajiyarsu. Ke nan ba za a ce labarin taskar ruwa bai taɓa zuwa kunnen Bahaushe ba.

4.0 Yanayin Ƙasar Rawayya

Rawayya tana cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu ta Jihar Zamfara, jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Tana daga cikin garuruwan da tarihin Gusau ya ratsa ta cikinsu a ƙarni na 19, zamanin zuriyar Malam Sambo Ɗan Ashafa. Ruwan da yake sauka a wannan yanki a shekara yakan kama tsakanin milimita 800 zuwa 1,000, kusan dukkansa daga Mayu zuwa farkon Oktoba, mafi yawa a watan Agusta. Wannan adadi ya fi abin da yake sauka a birnin Landan. Bambancin shi ne namu a 'yan watanni yake zubowa gaba ɗaya, ya gudu ya bar mu.

Abu na biyu shi ne irin ƙasar. Gusau da Tsafe da Bunguɗu suna zaune a kan tsohon dutse mai tauri, wanda kawunansa ne muke gani sun fito sarari a Kwatarkwashi da Tsafe. Irin wannan dutse ba ya shan ruwa kamar yashi. Ruwan ƙasa yana samuwa ne kawai a cikin ruɓaɓɓen sashen da yake samansa, ko a cikin tsagogi. Shi ya sa za a haƙa rijiya a nan a sami ruwa, a matsa 'yan taku a haƙa wata a tarar da dutse. Shi ya sa kuma rijiyoyi da yawa sukan ja baya ko su ƙafe a watannin Maris da Afrilu. Wannan ya bambanta da yammacin yankin, wajen Sakkwato, inda ƙasa take da shimfiɗun yashi masu riƙe ruwa mai yawa.

Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau da Bunguɗu. Da damina yakan cika ya tumbatsa, da rani kuwa sai yashi. A kansa aka yi madatsar da take ba birnin Gusau ruwa, a kansa kuma aka gina madatsar Bakalori kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978. Amma ƙauyen da yake nesa da gulbi, nesa da bututun gwamnati, waɗannan manyan ayyuka ba su kashe masa ƙishirwa ba.

5.0 Hanyoyin Bahaushe na Ajiye Ruwa

5.1 Kududdufi da Tafki

Babbar taskar garin Bahaushe ita ce kududdufi. Asalinsa ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne, ta ganuwa ko ta gidaje. Da damina duk ruwan unguwa a cikinsa yake taruwa, ya hana ambaliya. Da kaka da hunturu kuwa a nan ake shayar da dabbobi, a yi wanki, a kwaɓa ƙasar sabon gini. Yana kuma ciyar da rijiyoyin da suke kusa da shi ta ƙarƙashin ƙasa, abin da masu cike kududdufai don su yi filin gida ba su cika lura da shi ba. Aibinsa shi ne a buɗe yake: rana tana shanye shi, ƙazanta tana shiga, sauro yana hayayyafa. Ciwon kurkunu ma ta hanyar shan irin wannan tsayayyen ruwa yake yaɗuwa. A ƙidayar farko da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 an sami masu ciwon fiye da 650,000 a Nijeriya. An ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kuɓutar ƙasar a 2013.

5.2 Rijiya da Ramin Yashi da Randa

Bayan kududdufi sai rijiya, ta gida ko ta unguwa, wadda haƙa ta yake cikin manyan ayyukan lada. Mazauna bakin gulbi kuwa sukan tona ramuka a cikin yashi da rani, su jira ruwa ya tsattsafo. A haƙiƙa yashin gulbi shi kansa taska ce da Allah ya gina, domin yana ɓoye ruwa daga rana yana kuma tace shi. A cikin gida akwai randa, wadda akan kafa gindinta a ƙasa a inuwa don ruwa ya yi sanyi. Idan hadari ya haɗu mata sukan jera tukwane da ƙore a ƙarƙashin indararo, galibi bayan an bar ruwan farko ya wanke rufi. To, ashe sassa uku daga cikin huɗun da muka lissafa a baya suna nan a gidan Bahaushe. Abin da ya rage shi ne babban mazubi.

5.3 Laso da Rijiyar Baba

Wani zai ce rashin siminti ne ya hana a gina babban mazubin. Wannan magana ba ta tsaya ba, domin Bahaushe yana da nasa simintin, watau laso. Ana haɗa shi da katsi, wanda shi ne dagwalon da yake kwantawa a gindin rijiyar baba, a busar da shi a ƙone, a daka, a gauraya da gashin jima da ruwan dafara. Da laso ake shafe rijiyoyin marina, waɗanda zurfinsu ya fi tsayin mutum, su riƙe ruwan baba shekaru masu yawa ba yoyo. Karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, shaida ce da kowa zai iya zuwa ya gani. Da laso kuma ake shafe rufin sorayen sarakuna da attajirai, masu ƙaramin ƙarfi kuwa su yi amfani da makuba. Idan aka dubi rijiyar baba da idon magini, taskar ƙarƙashin ƙasa ce cikakkiya, murfi kawai ta rasa. Abin da ya ba Jefferson wuya a Bajiniya, marinan Kano sun daɗe da warware shi.

5.4 Me Ya Hana?

A ganinmu dalilai huɗu ne suka haɗu. Na farko shi ne rufi. Ɗakin jinka ba shi da bakin da za a tare ruwa, abin da ya zubo daga gare shi kuma yakan ɗauki launi da warin ciyawa. Soron ƙasa yana da indararo, amma ruwansa da laka yake saukowa. Gidajen Rumawa da na Ingila kuwa rufinsu na gasasshen yumɓu ne ko na falalen dutse. Na biyu shi ne tsada. Katsi kaɗan yake samuwa, daga marina kawai, saboda haka an fi kai shi inda zai mayar da kuɗinsa. Na uku shi ne tsarin zama. Garuruwanmu na da galibi kusa da gulbi ko fadama aka kafa su, mutane kuma ba su kai yawan na yau ba, rijiya da kududdufi sun wadatar a yawancin shekaru. Na huɗu shi ne al'ada. Ruwa a wurin Bahaushe abin tarayya ne, ba a hana maƙwabci, ba a hana baƙo. Mai hali idan ya tashi aikin ruwa, rijiyar kowa da kowa yake haƙawa a ƙofar gida ko bakin masallaci.

6.0 Abin da Ya Canja

Waɗannan dalilai huɗu, uku daga cikinsu sun kau. Bayan jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama cibiyar cinikin gyaɗa da auduga, kwanon rufi da siminti suka fara shigowa. A yau da wuya a shiga ƙauye a wannan yanki ba a ga rufin kwano a gidaje da makarantu da masallatai ba. Kwano kuwa yana ba da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ya sauka a kansa. Jama'a sun ninku, unguwanni sun yi nisa da fadama. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 sun nuna cewa rijiyar da kakanni suka dogara da ita tana iya gazawa.

Tun daga shekarun 1980 amsar da hukumomi suka fi bayarwa ita ce rijiyar burtsatse. Amfaninta ba ya musuntuwa. Sai dai a ƙasa mai dutse ba ko'ina take samun ruwa ba, idan kuma famfonta ya lalace yakan daɗe kafin a sami mai gyara da kayan gyara. Akwai kuma wani sabon al'amari mai nauyi. Tun daga farkon shekarun 2010 hare-haren 'yan bindiga suka addabi karkarar Zamfara. Tafiyar ɗebo ruwa a rafi ko a rijiyar bayan gari, wadda galibi mata da yara suke yi da sassafe ko da yamma, ta zama tafiya mai haɗari a wurare da dama. A irin wannan hali ruwan da yake cikin gida ya wuce maganar sauƙin rayuwa, ya shiga maganar tsare rai da mutunci.

7.0 Lissafi

Ƙa'idar mai sauƙi ce: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 yana ba da lita 1. Mu ɗauki gida mai rufin kwano na murabba'in mita 60, a shekarar da aka sami milimita 900. Abin da ya sauka a kan rufin lita 54,000 ne. Idan aka cire kashi 20 cikin 100 na asara, saura lita 43,200.

Mu ɗauka kuma mutum 8 ne a gidan, kowa yana bukatar lita 10 a rana don sha da girki, rani kuma kwana 210 ne. Bukatarsu ta zama lita 16,800. Taska mai siffar rijiya, faɗin bakinta mita 3, zurfinta mita 2 da rabi, tana ɗaukar kimanin lita 17,600. Ke nan rufin zai iya cika ta fiye da sau biyu a damina guda, ko shekarar da ruwa ya ragu da rabi ma zai cika ta sau ɗaya. Idan ana so a kai ga lita 20 ga kowane mutum, watau ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ɗauka mafi ƙaranci ga sha da girki da ɗan tsabta, to sai taska biyu, rufin kuma zai iya ciyar da su.

Wannan lissafi an riga an gwada irinsa a aikace. A jihar Gansu ta ƙasar Sin, inda ruwan sama bai kai rabin namu ba, an fara wani shiri a 1995 na ba kowane gida shimfiɗar tara ruwa ɗaya da taska biyu. A arewa maso gabashin Birazil, tun daga farkon shekarun 2000, an gina taskoki fiye da miliyan ɗaya masu ɗaukar lita 16,000, maginan ƙauye ne kuma aka koya wa aikin.

8.0 Sharuɗɗan Gini da Kiyayewa

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Taskar da aka gina da sakaci ta fi rashinta illa, saboda haka ga abubuwan da ba a sassauci a kansu.

(a) A nisanta ta daga shadda da turken dabbobi, a kuma sa ta a sashen gida mai tudu. A nisanta ta daga manyan itatuwa, domin saiwa tana fasa bango.

(b) A yi ta zagayayya, domin ginin da ba shi da kusurwa ya fi jure matsin ƙasa, a kusurwa kuma tsaga take farawa.

(c) Bakinta ya ɗara ƙasa da aƙalla kamu ɗaya, don kada ruwan tsakar gida ya malalo ciki.

(d) A bar ruwan farko na damina, da farkon kowane ruwa bayan an yi kwanaki ba a yi ba, ya zube waje, saboda ƙurar hunturu da kashin tsuntsu da na ƙadangare.

(e) A sa raga a mashiga da mafita don sauro, a sa murfi mai makulli don yara.

(f) Guga ɗaya tak za a keɓe mata, ko a sa famfon hannu. Ruwan sha kuwa a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkake ruwa.

(g) A wanke ta sau ɗaya a shekara kafin faɗuwar damina. Kada mutum ya shiga shi kaɗai, kada kuma a shiga sai an buɗe ta ta sha iska, domin rufaffen rami yana tara mugunyar iska mai kisa, kamar yadda mahaƙa rijiya suka sani.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa taskar ruwan sama tsohuwar dabara ce wadda manyan gidajen karkara na Turai da Amurka da biranen Musulmi suka rayu da ita. Mun ga kuma cewa Bahaushe ya mallaki indararo da laso da gwanintar haƙa, irin rufinsa da tsarin zamansa ne suka sa bai haɗa su wuri guda ba. Yanzu rufi ya canja, bukata ta ƙaru.

Shawararmu ta farko ita ce a fara da gine-ginen jama'a, watau makarantun firamare da asibitocin ƙauye da masallatan Juma'a na Rawayya da maƙwabtanta, domin rufinsu yana da faɗi, wannan kuma ya dace da al'adarmu ta tarayya a kan ruwa. Littattafan fiƙihu sun lissafa ruwan sama cikin ruwa mai tsarki mai tsarkakewa, saboda haka masallaci ya fi kowa dacewa ya ba da misali, kamar yadda na Ƙairawan ya bayar. Ta biyu, sassan nazarin gine-gine na jami'o'inmu da kwalejojin fasaha, irin su na Gusau da Ƙauran Namoda, su zauna da tsofaffin magina da marina su rubuta yadda ake haɗa laso tun masu sanin suna raye, su kuma gwada ƙarfinsa da lafiyarsa ga ruwan sha kafin a ba kowa shawarar amfani da shi. Ta uku, ƙananan hukumomi su hana cike kududdufai barkatai, su gyara su, su killace su. Ta huɗu, a koya wa maginan ƙauye aikin taska, domin mai gyara ya kasance a kusa.

Taska ba za ta maye gurbin rijiya ko famfo ba, ba kuma za ta ɗauke wa hukuma nauyin da yake wuyanta ba. Amma gidan da ya tara ruwan Agusta ya sha a Afrilu ya rage dogaro ga abin da ba ya hannunsa. Guntun gatarinka, in ji masu iya magana, ya fi sari ka ba ni.